Yadda zaka duba Tafkin Chadi da kanka a taswira da hoton tauraron ɗan adam

Akwai wani hoto da ake ta yawo dashi a WhatsApp da Facebook shekara da shekaru, gefe ɗaya Tafkin Chadi a 1963 shuɗi fal ya cika ko'ina, ɗaya gefen kuma ɗan tabo kamar an zubar da ruwan wanki a tsakar gida, a ƙasa an rubuta wai tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Ni ma na tura shi ba sau ɗaya ba. Sai da wani kawuna da ya yi shekaru yana fataucin banda tsakanin Doron Baga da kudu ya kalli hoton a wayata yace "kai yaro, wurin nan da suka shafa wa kore ai da kwale-kwale muke ratsa shi, ruwa ne har ƙirji", daga ranar na fara zama ina tonon hotunan da kaina. Abin da na koya shine zan jero maka, kuma duk kyauta ne, data kawai zaka ƙona.

Mataki na farko, nemo tafkin ka gane siffarsa kafin ka taɓa komai. Buɗe Google Earth ko Google Maps, in Maps ne ka danna alamar nan mai kamar an ɗora takardu kan juna ka zaɓi hoton tauraron ɗan adam, don taswirar zane ta yau da kullum yaudara ce a wannan wurin, shuɗin da take nunawa wani ne ya zana shi kuma ba lallai ya dace da ruwan bana ba. A wurin nema rubuta 13.0, 14.3 ka danna, zai kai ka kusa da tsakiyar ruwan kudu. Toh kar kayi saurin zuƙowa, ja baya tukuna har sai kaga Maiduguri a ƙasa ta hagu, Njamena a ƙasa ta dama, da N'Guigmi ta Nijar can sama ta hagu. A wannan nisan zaka ga abu kamar kwano biyu manne da juna, na kudu da na arewa, tsakaninsu akwai wani tudu cike da ciyayi da ya ratsa daga wajen Baga ta Najeriya zuwa wajen Baga Sola ta Chadi. Tudun nan shine mabuɗin labarin gaba ɗaya. Lokacin babban fari na 1973 ruwa ya ja har tudun ya fito ya raba tafkin biyu, kuma tun daga nan kwanon arewa baya samun ruwa sosai sai in na kudu ya cika ya tsallako.

Yanzu bi koguna. Daga Njamena ka bi layin nan mai lanƙwasa zuwa arewa maso yamma, shine Shari, a nan Njamena da Kuseri ya haɗu da Logone, su biyun suke kawo wajen kashi 90 na ruwan koguna dake shiga tafkin, kuma ruwan daga nesa yake zuwa, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Namu na wannan gefen shine Komadugu Yobe, ruwan Haɗeja da Jama'are kenan, yana faɗawa kwanon arewa tsakanin Bosso da Malam Fatori, kuma gaskiya abin da yake kaiwa kaɗan ne in aka gwada da Shari, balle ga dam ɗin Tiga da Challawa sun tare wani kaso tun daga Kano. Shi yasa zaka ga an yi damina mai kyau a Barno amma tafki bai wani motsa ba, ko kuma a yi ta kukan ƙarancin ruwan sama a Kukawa sai ga ruwa ya malalo gonaki a watan Disamba, don ruwan da ya zubo a can kudu ne ya iso.

Mataki na biyu kuma shine wanda mutane suka fi tsallakewa, duba ranar da aka ɗauki hoton. A Google Earth in ka zuƙo sosai zaka ga kwanan wata a ƙasan fuskar. Hoton da kake gani ba na yau bane, kuma ba ma hoto ɗaya bane, ɗinki ne kamar bargon tsumma, wannan yanki na watan Maris ɗin wata shekara, na kusa dashi na Nuwamban wata shekarar daban, shi yasa wani lokaci zaka ga ruwa ya yanke a layi miƙaƙƙe kamar an sa reza. Babu tafkin da ke yankewa haka, mahaɗar hotuna biyu ce.

Dalilin da yasa kwanan wata ke da nauyi a nan fiye da sauran tafkuna shine Tafkin Chadi faranti ne ba rijiya ba, yawancin wurare zurfin bai wuce mita 1 zuwa 3 ba, ƙasar kuma shimfiɗe take, in ruwa ya ƙaru da rabin mita kawai bakin ruwa zai iya tafiya kilomita da yawa. Yana cika ne bayan damina ta wuce, kwanon kudu wajen Nuwamba zuwa Disamba, na arewa yakan makara har Janairu ko Fabrairu, sannan yayi ta ja har zuwa Yuni ko Yuli. Kaga kenan in wani ya ɗauko hoton Disamba na wata shekara ya jera da na Yunin wata shekarar zai iya "tabbatar" maka da duk abin da yake so, ko tafki ya mutu ko ya dawo. Doka ta farko in zaka gwada shekaru: wata ɗaya da wata ɗaya, Nuwamba da Nuwamba, Mayu da Mayu.

Mataki na uku, koma baya cikin shekaru. A Google Earth Pro na kwamfuta akwai alamar agogo a sama, ka danna sai wani layi ya fito da zaka ja baya da gaba, a manhajar waya ma sun saka wannan tun 2024, yana cikin wurin zaɓen shimfiɗun taswira. Akwai kuma Google Earth Timelapse da yake kunna maka shekarun kamar bidiyo tun daga 1984. Abin lura shine 1984 ɗin nan ita kanta shekarar mugun fari ce a Sahel, wato labarin da Timelapse ke baka ya fara ne daga lokacin da tafkin ke ƙasa-ƙasa, kuma in ka kalla da kyau zaka ga daga ƙarshen shekarun 1990 kore da ruwa suna ƙaruwa ne, musamman a kwanon arewa, suna zuwa suna komawa. Hoton 1963 da ake yawo dashi ya fito ne daga taurarin leƙen asirin Amurka na wancan zamanin da aka saki hotunansu daga baya, lokacin faɗin tafkin kusan murabba'in kilomita 25,000 ne, kuma shekarun 1950 zuwa farkon 1960 shekarun ruwa ne sosai a yankin, wato ana gwada tafkin ne da lokacin da yake kan ganiyarsa. A farkon ƙarni na 20 ma Faransawan da suka auna shi a ƙarƙashin wani jami'insu mai suna Tilho sun tarar da arewacinsa a bushe. Bance bai ragu ba fa, ya ragu sosai, a tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan ya sauko wajen 2,000 ko ƙasa da haka, N'Guigmi da take bakin ruwa ta wayi gari ruwa yayi mata nisan kilomita gommai. Amma faɗuwar ta faru ne tsakanin 1970 da 1985, ba wai yana ta ƙafewa kullum har gobe bane.

In kana son tsofaffin hotuna na asali ka je EarthExplorer na hukumar USGS ta Amurka, rajista kyauta ce, hotunan taurarin Landsat suna nan tun 1972 kuma tun 2008 aka daina sayar dasu. Shawara ɗaya, hotunan Landsat 7 daga tsakiyar 2003 zuwa gaba suna da baƙaƙen layuka kamar zanen jakin dawa saboda wata na'ura da ta lalace a jikinsa, ba matsalar wayarka bace, ka nemi na Landsat 5 ko 8 ko 9.

Mataki na huɗu, nan ne maganar kawuna ta shigo, koyi karanta launi. A hoton launi na zahiri buɗaɗɗen ruwan kudu yakan fito ruwan toka ko ruwan ƙasa-ƙasa saboda laka da Shari ke kawowa, ba shuɗi ba kamar teku. Kore mai duhu da ya kewaye shi yawanci ba gona bace kuma ba daji bane, fadama ce, kachala da sauran ciyayin ruwa da suka rufe sama, a ƙasansu ruwa ne da kifi. Kyamarar tauraro tana ganin ganye ne kawai, sai mai lissafi ya ƙirga wurin a matsayin busasshiyar ƙasa, a nan maganar ƙafewar kashi 90 ɗin ke samun ƙarfinta. In aka haɗa da ruwan dake ƙarƙashin ciyayi, a shekarar ruwa mai kyau wurin da ruwa ya mamaye yana wuce murabba'in kilomita 10,000.

Yadda zaka rarrabe: buɗe Copernicus Browser na Tarayyar Turai, yi rajista, zaɓi tauraron Sentinel-2. Wannan yana ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana 5 tun bayan 2017, kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa, na Landsat kuma mita 30. Zaɓi kwanan wata, rage yawan gajimaren da ka yarda dashi zuwa kashi 10 ko 20, sannan a jerin launukan ka danna wanda aka rubuta False color. Kar ka tsorata, komai zai koma ja. Ja mai haske ganye ne mai rai, baƙi ko shuɗi mai duhu ruwa ne, fari da ruwan ƙasa yashi ne. Abin da zaka nema shine ja a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da duk ƙasar Barno da Kanem ta bushe ƙurmus, duk inda ya rage ja jawur a tsakiyar bazara toh akwai ruwa ko danshi a ƙarƙashinsa. Akwai kuma zaɓin NDWI da yake fito da buɗaɗɗen ruwa kawai, yana da amfani amma shi ma ciyayi na rufe masa ido.

Wanda ya fi su duka a wannan aikin shine Sentinel-1, shi rada ne ba kyamara ba, baya damuwa da gajimare ko dare ko hazo. A hotonsa kwantaccen ruwa baƙi ƙirin yake fitowa, ciyayin da ke tsaye cikin ruwa kuma sukan fito da haske sosai fiye da na tudu. Hoton ba kyau, kamar tsohuwar talabijin mai yashi-yashi, kuma busasshen yashi mai santsi shi ma yana iya fitowa baƙi ya ruɗe ka, don haka ka riƙa jera shi da na Sentinel-2 na satin.

Maganar hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu zaka ci karo da ranakun da hoton yayi fari fat kamar an watsa gari, Yuli zuwa Satumba kuma gajimare ne, ni dai ƙarshen Oktoba da Nuwamba na fi samun hoto tsaf. In kana son ganin inda ƙurar take tasowa buɗe NASA Worldview, ba rajista, hoto ne na kullum tun shekarar 2000 duk da bashi da kaifi, zaɓi wata rana a Janairu ka duba arewa maso gabas da tafkin kamar kilomita 500, zaka ga farar ƙura tana tashi kamar hayaƙi daga wani kwari da ake kira Bodele. Ƙasan tsohon tafki ne, kuma kaso mai yawa na ƙurar hunturun da ke fasa mana leɓe a Kano da Damagaram daga can take. Shekaru wajen 7,000 da suka wuce ruwa ya haɗe tun daga can har kusa da Maiduguri, faɗin sama da murabba'in kilomita 300,000, kuma tsohon bakin ruwan yana nan, wani dogon tudun yashi da ya bi ta Maiduguri da Bama, in ka riƙa yawo da linzamin kwamfuta a Google Earth Pro kana kallon lambar tsayi a ƙasan fuska zaka ga wajen mita 320 a kan tudun, tafkin yanzu kuma wajen 280. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai shekaru kusan 8,000, ɗan wancan zamanin ruwan ne.

Mataki na biyar, zuƙo ka ga mutane. Fara da gabas wajen Bol, zaka ga ɗaruruwan tsibirai dogaye sun jeru duk sun kalli gefe ɗaya kamar an taje su da mataji, tuddan yashi ne da iska ta jera tun zamanin da wurin yake hamada sai ruwa ya shiga tsakaninsu, ƙasar Buduma da Kanembu kenan. A kusa da Bol ɗin zaka ga wasu lunguna da aka datse bakinsu aka mayar gonaki, kore shar da layuka, alkama da masara ake nomawa. Gaba kaɗan cikin Kanem akwai fararen tabo a cikin kwaruruka, wuraren kanwa ne.

Dawo gefen Najeriya ka nemi Marte da Kirenowa, zaka ga wani layi miƙaƙƙe ya fito daga tafki da manyan gonaki masu kusurwa huɗu, aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi ne da aka tsara zai shayar da sama da hekta 60,000, aka buɗe shi a ƙarshen shekarun 1970 daidai lokacin da ruwan ke guduwa daga bakin magudanar, in ka ja layin shekaru zaka ga yawancin gonakin basu taɓa yin kore a tare ba. Daga nan hau arewa zuwa Baga da Doron Baga. Sunayen ƙauyukan dake ciki ma labari ne, Daban Masara, Kwatan Turare, Tumbun Rago, Tumbun Gini, kaji Hausa zalla, masunta da manoma ne daga ƙasar Hausa suka bi ruwa suka kafa su, tumbu kuma shine abin da mutanen wurin ke kiran tsibiri. Sai dai taswirar intanet bata san yawancinsu ba, wanda ta sani ma rubutun ya bambanta, wani da rubutun Faransanci wani da na Ingilishi, in baka samu suna ba gwada OpenStreetMap ko ka canja harafi, misali Nguigmi da N'Guigmi, Kuseri da Kousseri, Blangua da Blangoua.

Layukan iyaka da zaka gani sun ratsa cikin ruwa na ƙasa huɗu ne, Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, waɗanda suka kafa hukumar kula da tafkin a 1964 mai hedikwata a Njamena. Nemi Darak, tana cikin Kamaru a taswira duk da mutanen da suka cika ta da yawa daga Najeriya suka biyo ruwa lokacin da ya ja, kotun duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, hukuncin Bakassi ɗin nan, aka miƙa ta da wasu ƙauyuka a Disamban 2003. Wani abin da zaka lura dashi da kanka shine rabon Nijar duk a kwanon arewa yake, wato a shekarar fari tana iya rasa buɗaɗɗen ruwa gaba ɗaya.

Akwai abin da ba daɗin gani amma yana cikin hotunan. Bayan harin Boko Haram na farkon Janairu 2015, Amnesty International ta jera hoton Baga da Doron Baga na ranar 2 da na ranar 7 ga watan, tace gine-gine sama da 3,700 sun lalace ko sun ƙone, mafi yawa a Doron Baga. Irin wancan hoto mai kaifi da ake ƙirga rufin ɗaki na kamfanoni ne, da kuɗi ake saye, Sentinel-2 bazai nuna maka gida ɗaya ko kwale-kwale ba, amma zaka iya ganin gonakin da aka daina nomawa sun koma daji, da ramin tsaro da aka zagaye garuruwa irin Monguno dashi. Kuma don Allah kar wani ya ɗauki hoton nan ya ce ga hanya zai bi, hoton baya nuna wanda ke riƙe da tsibiri ko inda aka binne abu, tafiya a wannan yankin sai da mutanen gari da izinin jami'an tsaro.

Mataki na shida, auna ka ajiye. A Google Earth Pro danna alamar rula, zaɓi zanen kewaye, ka bi bakin ruwa kana dannawa ɗigo-ɗigo har ka dawo inda ka fara, zai baka faɗin da murabba'in kilomita ko hekta. Yi sau biyu, ɗaya na buɗaɗɗen ruwa kawai, ɗaya har da koren fadama, ka rubuta lambobin biyu da kwanan watan hoton, zaka sha mamakin tazarar dake tsakaninsu. In baka da haƙurin zane akwai Global Surface Water Explorer, sun tattara hotunan Landsat tun 1984 sun shafa launi bisa yawan lokacin da kowane wuri yake riƙe ruwa, wurin da ruwa baya barinsa da wanda yake zuwa na 'yan watanni, amma ka tuna shi ma buɗaɗɗen ruwa yake ƙirgawa.

Game da data, Timelapse da Copernicus Browser suna shan megabait ba wasa, in a waya kake ka zana ɗan ƙaramin yanki kawai ka tsaya a kai, misali daga Baga zuwa bakin ruwa, kar ka ce zaka sauke cikakken hoton Sentinel-2 don guda ɗaya yana iya kaiwa kusan gigabait 1, hoton fuskar waya ya isa. Ni dai yadda nake yi, fayil ɗaya na buɗe, duk ranar 15 ga wata ko kusa da ita nake ɗaukar wuri ɗaya da tsayi ɗaya, na sa masa suna da shekara da wata, kamar 2022-11 Baga, kuma in zan tura wa wani sai na rubuta kwanan watan da sunan tauraron a jikin hoton kansa, don in ya bar hannuna bayanin da na rubuta a ƙasa baya bin sa. Na ƙarshen 2022 da na ƙarshen 2024, shekarar da dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri, su na kai wa kawu ya gani, ya daɗe yana kallon jan da ya mamaye arewacin Baga sannan ya sa yatsa a wani lungu yace a nan suke ɗaure jirgi, ni kuma na duba taswira uku ban samu sunan wurin ba, sai na sa masa alama na rubuta sunan da ya faɗa.